Sannu da Hutawa, Malam

Akwai wani mutum mai suna Irimiya, wanda mutanen wani ƙauye suka taka har garinsu suka roƙe shi ya zo ya koya wa 'ya'yansu karatu. Ƙauyen na manoma ne gaba da baya. Suna da 'yar majami'arsu mai jinka, suna raira waƙoƙin yabo da ka, amma in an miƙa wa babba littafi sai ya juya shi nan ya juya shi can, ya ce yau idonsa na yi masa ƙaiƙayi. Abin ya daɗe yana cin ransu. Suka ce su kam lokaci ya wuce musu, amma 'ya'yansu ba za su tashi a haka ba.

Ba albashi suka yi masa alkawari ba, gama ba su da shi. Gona suka yanka masa, mai kyau, a gefen fadama. Suka ce, "Malam, kai dai ka riƙe mana yara. Ka yi shukarka, sauran aikin namu ne. In ciyawa ta taso, za mu yi maka gayya." Wato mazan gari su fito rana guda da fartanyoyinsu, makaɗi na bin su a baya, su nome gonar tas, mai gona kuwa ya ciyar da su. Wanda ya faɗi wannan magana da bakinsa a gaban dattawan ikilisiya shi ne Dogara, sarkin noman garin, ƙaƙƙarfan mutum wanda ba a fara gayya sai ya sa fartanya, ba a kuma tashi sai ya ce a tashi.

Irimiya ya yarda. Ya kwaso matarsa Biriskila da 'yan komatsansu, suka tare. Tun daga ranar, abincin gidansa na shekara ya rataya a kan alkawarin nan. In an yi gayya, zai ci ya zauna. In ba a yi ba, ba shi da zama a garin.

Makarantar ba ta da ɗaki. A gindin wata ɗorawa take, bakin hanyar da ake bi zuwa gonaki, da allo jingine a jikin itacen, da wani kututture inda malam yake zama. Daga kan wannan kututture ne fitina ta soma.

Kun san yadda muke gaisuwa. In ka iske mutum a sunkuye yana gumi, sai ka ce, "Sannu da aiki." In ka iske shi zaune a inuwa, sai ka ce, "Sannu da hutawa." Ba wanda ya tsara haka don ya ci mutuncin wani, haka muka tashi muka tarar. To, kowace safiya Dogara yakan wuce da garma a kafaɗa, ya hangi mutum zaune a gindin itace, riga fes, ba ko ɗigon gumi. Sai ya ɗaga hannu ya ce, "Sannu da hutawa, Malam."

Irimiya ya ce, "Yauwa, sannu, Sarkin Noma."

Gama hutun da Dogara yake hange, ga yadda yake. Da damina matan garin ma gona suke zuwa, don haka ba masu karatu kaɗai ake turo wa malam ba, har da ƙannensu da aka yaye jiya jiya, a goye a bayan yayyensu. Kafin ya buɗe baki, wannan ta ce fitsari, wancan ya ce an mintsine shi, wani kuma ya tura tsakuwa a hanci. In ya juya zai yi rubutu a allo, na baya sun kacame da dambe. In ya je rabon faɗa, na gaba sun shafe abin da ya rubuta. Idonsa ba ya barin hanya, domin shanu na wucewa, kuma in ɗan wani ya ji ciwo ba wanda za a tambaya sai shi. Abu guda yakan faɗe shi har muryarsa ta dushe, gobe ya dawo ya tarar kamar bai taɓa faɗa ba. Manomi in ya nome kunya, yakan waiwaya ya gan ta a nome. Irimiya kuwa yakan tashi makaranta ya rasa abu ɗaya da zai nuna ya ce, wannan ni na yi shi yau.

Cikin yaran akwai Tani, 'yar Dogara ta cikinsa, yarinya mai ƙoƙari, amma b da d sun hana ta sakat. In malam ya ce ta rubuta baba, sai ta rubuta dada. Ya zana mata a allo, ya zana mata a ƙasa, ya kama hannunta ya bi layin da shi, ya ce wannan cikinsa ta nan yake, wancan ta can. Ta gyaɗa kai ta ce ta gane. Washegari dada.

Da yamma yakan koma gida ya zube a tabarma, ba inda ke masa ciwo a jiki, amma kai kamar an yini ana daka a cikinsa. Biriskila ta kawo hira, ya ce don Allah ta ƙyale shi, kunnensa ya cika. Mutumin da dā yake da fara'a ya zama in an ce masa ga abinci sai ya yi tsaki.

Ruwa ya zauna, dawarsa ta tsiro da kyau, ciyawa kuma ta taso tare da ita. Ya je ya tuna wa Dogara. Dogara ya ce ai yana sane, bari a gama da gonar wane, shi ya riga kira. Aka gama. Ya sāke komawa. Dogara ya ce saura gonar wance, mijinta ya rasu, ai Malam ma ba zai so a tsallake ta ba. Irimiya bai yi musu ba, gama gaskiya ne. Amma aka gama noman fari a gari duka, wasu har sun shiga maimai, gonar malam kuwa ciyawa ta kai gwiwa, dawar ta soma rawaya a ƙarƙashinta. Da ya ƙara zuwa, Dogara ya sa masa rana, ya ce Asabar mai zuwa. Da a nan ya tsaya, da ba abin da ya faru. Amma sai ya ƙara yana murmushi, "Kai ma Malam, da yamma ka riƙa ɗan taɓawa mana. Mutumin da ya yini a inuwa, ai motsa jiki zai yi masa amfani."

Maganar nan ta bi Irimiya har gida, ta kuma bi shi makaranta. Duk inda ya juya yana jin ta.

Cikin makon aka wayi gari wata rana komai ya haɗe masa. Yaro ya yi amai a kan tabarmar zama, biyu sun fasa wa juna leɓe, maƙogwaronsa kuwa kamar ya haɗiyi ƙaiƙayi. Ya samu da ƙyar ya zauna ke nan a kan kututture, sai ga Dogara da jama'arsa da ganga, za su gayyar wani. Dogara ya ɗaga garma ya ce, "Sannu da hutawa, Malam." Sauran ma suka ce, "Sannu da hutawa."

Da suka wuce, Tani ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, wai gaskiya ne kai ba ka gajiya? Baba ya ce aikinka zama ne kawai, ko tsohuwa za ta iya."

Yarinyar ba ta nufi komai ba. Abin da ta ji a gida ta kawo, kamar yadda yara suke yi. Amma zuciya ta ɗebi Irimiya. Ya miƙe tsaye, alli ya karye a hannunsa, ya ce, "Ki je ki gaya wa babanki, noma ko sa ya iya."

Wurin ya yi tsit, irin shirun da ya yi wata da watanni yana nema bai samu ba. Can sai wani yaro ya ƙyalƙyale da dariya ya maimaita. Wani ya karɓa. Kafin malam ya farga an sa tafi, an mai da ita waƙa: noma ko sa ya iya, noma ko sa ya iya.

Ku dubi abin takaici. Tun farkon damina yake fama da b da d, sun ƙi zama. Magana ɗaya ta fushi, sau ɗaya ya faɗe ta, har na goye ya haddace.

Ran nan da yamma, a kowane gida, mutum ya dawo daga gona bayansa kamar zai balle, ya wanke hannu ya zauna gaban tuwo, sai ɗan cikinsa ya zo yana tsalle yana raira masa cewa aikinsa ko sa ya iya. Ya tambaya wa ya koya maka? Yaro ya ce Malam.

Washegari Irimiya ya ce wa yaran, "Maganar jiya, ku manta da ita." Suka ce, "To, Malam." Suna tashi suka kama ta tun daga gindin ɗorawa har ƙofar gidajensu. A nan ne ya kamata ya tafi wurin Dogara, kuma Biriskila ta gaya masa haka. Ta ce, "Malam, ka je ka ba mutanen nan haƙuri tun Asabar ba ta zo ba. Dawarmu tana mutuwa."

Ya ce, "Ni zan ba da haƙuri? Wa ya fara? Tun da na zo garin nan, wa ya taɓa ce mini sannu da aiki?"

Gaskiyarsa kuwa, ko mutum ɗaya bai taɓa ce masa ba.

Asabar ta zo. Biriskila ta ce alkawarin da aka yi a gaban dattawa ba zai tashi ba. Ta karkaɗe sauran dawar da suka zo da ita, ta dama kunu, ta tuƙa tuwo, aka yanka zakaran da suke da shi guda ɗaya. Suka kwashi kayan zuwa bakin gona suka zauna suna jira. Hantsi ya yi, ba ƙarar ganga. Kunu ya huce. Rana ta take, ƙudaje suka soma taruwa a kan faifan da aka rufe tuwo.

Can sai suka hangi Dogara yana tafe shi kaɗai, yana janye da bijimin sa, da turke a hammata. Bai gaishe su ba. Ya ratsa har tsakiyar gonar, ya kafa turke, ya ɗaure san, sa'an nan ya juyo ya ce, "Malam, ga ma'aikacinka na kawo maka. An ce ya iya."

Irimiya ya miƙe ya nufe shi. Ya ce, "Dogara, alkawari kuka yi mini a gaban dattawa."

Dogara ya ce, "Malami muka yi wa alkawari, ba mai koya wa 'ya'yanmu zagin iyayensu ba." Ya buɗe tafin hannuwansa biyu ya kai su har gaban idon Irimiya, duk kanta, duk tsagewa. "Dubi nan. Wannan ita ce gajiya. Nuna mini taka."

Irimiya ya dubi nasa hannuwa. Ba komai sai farin alli a gindin farce. Ya so ya yi ihu, ya lissafa masa amai da dambe da tsakuwa a hanci, ya gaya masa sau nawa ya kama hannun 'yarsa. Amma muryar da zai yi ihun da ita ya riga ya ƙarar da ita a kan 'ya'yansu. Abin da ya fito da ƙyar shi ne, "Tawa ba a hannu take ba."

Dogara ya ce, "To, abin da ba a gani, babu shi."

Ban san wautar da ta kai wannan ba, kuma daga bakin mutumin da kowace Lahadi yake tsayawa a layin gaba yana raira wa Allahn da bai taɓa gani da idonsa ba.

Dogara ya juya ya tafi abinsa. Sa kuwa ya sunkuyar da kai ya kama ci, ciyawa da dawa duk ɗaya ne a wurinsa. Kafin Irimiya ya kwance shi ya kore shi, ya share wuri iyakar tsawon igiyarsa, ya tattake abin da bai ci ba. Ta haka dabba ta ƙaryata malam a gonarsa, gama sa bai iya noma ba. Biriskila ta zauna a gaban tukwanenta ta yi kuka, ba don zagin ba, sai don dawar da ta dama wa mutanen da ba su zo ba.

Ran Litinin Irimiya ya kife allo a gindin ɗorawa, ya ce yara su koma gidajensu, ya ɗauki fartanya. Kafin azahar hannunsa ya yi bororo, kafin la'asar ya fashe. Bayansa ya ƙage har sai da ya dafa gwiwa kafin ya miƙe. Ciyawar ta sarƙe da dawa, in ya yi gaggawa ya sare abincinsa da hannunsa, in ya bi a hankali rana ta gasa masa ƙeya. A nan ya gane ƙarya ya faɗa wa yaran, kuma ƙaryar ta yi muni. Ya kuma lura da wani abu. Da yamma in ya waiwaya yana ganin inda ya nome, ya ci abinci da daɗi, ya yi barci kamar an jefa dutse a rijiya, abin da bai taɓa samu ba yana koyarwa. Dukansu biyu gaskiya ne, kuma ya san su. Amma bai je ya gaya wa kowa ba.

Shi ma Dogara bai tsira ba. Matarsa ta ba Biriskila labari a bakin rijiya, cewa tun da aka rufe makaranta mata sun kāsa zuwa gona saboda yara. Wai Dogara ya ce mene ne abin wuya a ciki, ya tara na gidansa da na maƙwabta a zaure zai riƙe su yini guda. Ba a kai ko'ina ba aka ji shi yana rantsuwa yana neman bulala, ya fito da ciwon kai ya kwanta, sa'an nan ya hana a faɗa. Shi ma ya san gajiyar malam ke nan. Shi ma bai je ba.

Dattawan ikilisiya fa? Sun kira su bayan sujada. Wannan ya ce shi ya fara, wancan ya ce shi ya fara. Dattawa suka ce a yi haƙuri, duk 'yan'uwa ne, suka yi addu'a doguwa mai daɗin ji, kowa ya tafi cin tuwonsa. A cikinsu ba wanda ya ce, to, gobe ni zan kai fartanyata gonar Malam.

Kaka ta yi. Rumbunan gari suka cika, abin da Irimiya ya girbe kuwa bai kai ya rufe gindin rumbunsa ba. Biriskila ta leƙa ciki, ta dube shi, ta shiga ɗaki ta soma ɗaure kaya.

Ranar da za su tashi, hanya ta bi da su ta gindin ɗorawa. Irimiya na gaba, akwati a kai, tabarmi a kafaɗa, gumi na zuba har cikin idonsa. Dogara kuwa aiki ya ƙare, yana zaune a inuwa a kan kututturen nan yana shan iska. Ya ɗaga kai ya ga mutum da kaya niƙi niƙi yana gumi, bakinsa ya riga tunaninsa, ya ce, "Sannu da aiki, Malam."

Irimiya ya tsaya cik. Gaisuwar da ya shekara yana jira ke nan, sai yau da yake barin garin ya same ta. Ya dubi mutumin da ke zaune a mazauninsa, ya mayar masa da gaisuwar da ta dace da mai zama. Ya ce, "Sannu da hutawa, Sarkin Noma."

Kowannensu ya ji abin da ya fito daga bakinsa. Dogara ya sunkuyar da kai.

Tani tana tsugune a gefen hanya da tsinke a hannu. Ta zana wani abu a ƙasa, tana duban malam tana jira. Ko da kaya a kansa, ta wutsiyar ido ya gani. Baba ta rubuta, kowane baƙi cikinsa na kallon inda ya kamata. Maganar yabo ta zo masa har leɓe. Amma ubanta na zaune yana ji, fushi kuma bai gama da shi ba, sai ya gyara akwatinsa ya wuce. Yarinyar ta yi ta duban rubutunta, ba kuwa wanda ya rage a garin da zai iya gaya mata ta yi daidai.

'Yan'uwa, ga ma'anar misalin nan, kuma ba da sanyin rai zan faɗe ta ba.

Gonar malam ita ce hakkin duk wanda muka ɗora wa 'ya'yanmu, ko a makarantar boko ko a makarantar Lahadi. Gayyar kuwa ita ce alkawarin da muke yi da baki ranar da muke neman mutum, mu manta da shi ranar da muka same shi. Dogara mu ne. Mu ne muke auna gajiya da gumi da kanta, in ba mu ga ɗaya daga cikinsu ba mu ce mutum hutu yake yi. Na ji da kunnena, a harabar majami'ar nan, ana cewa malamai ai sun huta, da rana tsaka sun tashi, ga dogon hutu. Mai faɗin haka, 'ya'yansa uku in suka dame shi a ɗaki sai ya kora su waje, ya ce su je wurin uwarsu.

Kuna so in yanke muku hukunci, wa ya fi gajiya, malami ko manomi, ko mai jinya, ko direban da ya yini a hanya? Ba zan yanke ba, domin tambayar kanta ita ce ta cinye dawar Irimiya. Gajiyar manomi a baya take da hannu, ta gaske ce, wanda ya raina ta bai taɓa sunkuyawa ba. Gajiyar malami a maƙogwaro take da ƙwaƙwalwa da zuciya, ita ma ta gaske ce. Bambanci ɗaya na sani. Ta manomi ana ganin ta, ana yi mata sannu, sannun kuwa tana rage nauyi. Ta malami ba a gani, sai ya ɗauke ta shi kaɗai, ya kuma ɗauki zargin cewa ba ya komai. Mu kuma mun saba, ko mutum na mutuwa, in an ce ina gajiya sai ya ce ba gajiya, mai tambaya ya wuce da murna kamar an gaya masa gaskiya.

Mai Cetonmu ya san duka biyun. Ya yi aikin sassaƙa da hannunsa shekara da shekaru, ya san kanta. Ya kuma yini yana koya wa taro, har ya shiga jirgin ruwa ya yi barcin da hadari ma bai tashe shi ba. Sa'ad da ya kira masu gajiya su zo wurinsa, bai ce kowa ya buɗe tafin hannu a duba ba.

Ku kuma malamai, kada ku ce yau an rama muku. Irimiya an zalunce shi, amma shi ma ya yi zalunci. Gajiya ba ta ba ka izinin raina wanda yake noma abin da kake ci. Kuma ku sani, kunnen yaro ba ya tace magana. Abin da ka koya masa da haƙuri yana iya daɗewa bai tsiro ba, amma abin da ka furta cikin fushi ranar zai kai shi gida, ba kuwa fartanyar da za ta nome shi. Bijimin da aka ɗaure a tsakiyar gona shi ne fushi. Ba ya bambanta ciyawa da dawa, ko wa ya ɗaure shi.

Manyan nan biyu kowannensu ya gane gaskiyar ɗan'uwansa, kowanne kuma ya riƙe ta a ciki don kada a ce shi ya sauko. Dogara ya koma gidansa ya tarar da rumbu cike. Irimiya ya tafi wani gari, wataƙila ya samu inda aka san darajarsa. Wadda aka bari a gefen hanya da tsinke a hannu ita ce ta biya, ita da ba ta yi wa kowa laifi ba.

Yanzu haka da muke zaune a nan cikin inuwa muna sauraro, akwai mata biyu a bayan majami'ar nan, gindin mangwaro, suna riƙe da 'ya'yanku tun safe. Ba su ji wa'azi ba yau, ba su ji na makon jiya ba. Ɗaya daga cikinsu gonarta ba a yi mata maimai ba har yanzu, kun kuwa san wadda nake nufi. In an tashi, za ku bi ta wurin ku ɗauki yaranku, za ku same su a zaune. Ku lura da gaisuwar da za ta fito daga bakinku. Gobe da safe kuma, ku fito da fartanya.